Me ke sa jijiyar zuciya ta sake tsukewa bayan an sa mata ƙarfe?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata 8 ke nan da aka sa wa maigidana ƙarfen buɗe jijiyar zuciya. Yana da ciwon suga, shekarunsa 58. Kwanan nan idan ya taka daga gida zuwa masallaci sai ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Ashe jijiyar tana iya sake toshewa? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Alhaji lafiya. Eh, tana iyawa, kuma nauyin ƙirjin nan ba abin da za a jira ranar da aka rubuta masa ba ne. Ku kai shi wurin likitan zuciyarsa cikin makon nan. In kuwa ciwon ya zo yana zaune, da gumi ko sarƙewar numfashi, to asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Abin da aka sa masa 'yar raga ce ta ƙarfe, ba ta kai kaurin tsinken ashana biyu ba. Idan aka buɗe ta, bangon jijiyar yana jin rauni, jiki kuma sai ya shiga gyara. Wani lokaci gyaran ya wuce gona da iri, tsoka ta tofo ta cikin ramukan ragar kamar yadda tabo ke tasowa a fata, hanyar jini ta matse. Wannan ya fi faruwa a cikin shekarar farko. Da tsohuwar ragar da babu magani a jikinta, mutum 20 zuwa 30 cikin 100 ke fuskantar haka. Tun da aka fara amfani da mai ɗauke da magani a farkon shekarun 2000, abin ya sauko ƙasa da 10 cikin 100.

Wasu dalilan ba a hannunku suke ba: jijiya siririya, toshewa mai tsawo da ta ci raga biyu ko uku, toshewa a mararrabar jijiyoyi, ko bango mai tauri da ya hana ragar buɗewa sosai. Ciwon ƙoda ma yana ƙara haɗarin.

Amma ciwon suga shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a tambayarki. Jijiyoyin mai suga sun fi sirantaka, kuma jikinsa ya fi saurin tara wannan tsokar. Na sha ganin magidanci yana shan ƙwayoyinsa ba fashi, amma da safe shayi ne da cokali uku na suga da madarar gwangwani, da rana fura ta sha zaƙi, da dare ga lemon kwalba. Hajiya, tukunya a hannunki take. A riƙa yi masa gwajin da ke nuna sugan wata 3, yawanci muna so ya tsaya kusa da kashi 7.

Sai taba, in yana sha, a bar ta gaba ɗaya. Maganin rage kitsen jini kuma ba a daina shi don an ji sauƙi, domin sabon kitse na iya taruwa cikin ragar ko bayan shekaru. A kula da hawan jini.

Akwai wani haɗarin daban da nake roƙon ki riƙe. Asfirin da abokinsa, wanda galibi clopidogrel ne, suna hana jini daskarewa a kan ƙarfen. Daskarewar ba ta yin sallama, farat ɗaya take rufe jijiya. Kada a tsayar da su saboda azumi, ko cire haƙori, ko don wani ya kawo sassaƙe, sai likitan da ya san aikin ya yarda. Ku tafi da katin ragar da duk ƙwayoyinsa a leda ranar da za ku je.