Ɗan Zomo a Cikin Gida: Likitan Dabbobi Ya Amsa Tambayoyinku

Likita, na saya wa yarana ɗan zomo mai wata biyu, yana yawo a falo. Muna ba shi karas, kabeji da ɗan burodi. Jiya ya ƙi cin komai, ya lafe a bayan kujera. Me zan yi? — Wata uwa daga Malali, Kaduna

Hajiya, ki kai shi wurin likitan dabbobi yau, kada ki jira gobe. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai kuma yi kashi ba, yana cikin haɗari. Hanjinsa sai da ciyawa yake motsi. Da zarar abinci ya daina shiga, hanjin ya tsaya, iska ta taru, ciki ya kumbura, zafin ciwon ya ƙara hana shi ci. Kuma zomo ba ya amai, duk abin da ya haɗiye hanya ɗaya zai bi. Kafin ki fita ki duba abu uku: ƙwayoyin kashinsa sun ƙanƙance ko sun ɗauke? Cikinsa ya yi tauri kamar ganga? Yana cizon haƙora da ƙarfi har ki ji ƙara? Ki faɗa wa likitan. Idan cikin ya kumbura, kada ki ɗura masa komai da sirinji.

Abincin da kika lissafa shi ne tushen matsalar. Burodi, tuwo, shinkafa, biskit, duk ba nasa ba ne. Karas sukari gare shi, ɗan yanki kamar kan yatsa ya isa, shi ma sai ya girma. Abin da ya kamata ya rinjaya, kusan kashi 80 cikin 100, busasshiyar ciyawa ce mai tsabta, a ajiye masa dare da rana. Harawar gyaɗa ko ta wake da ake sayar wa masu kiwon tumaki tana yi wa ɗan zomo kyau har ya kai wata shida ko bakwai, saboda tana gina jiki da ƙashi. Bayan nan a rage ta a ƙara ciyawa zalla, don sinadarin kalsiyam ɗinta yana yi wa babban zomo yawa, ya taru a mafitsara. Ki shinshina ƙullin kafin ki biya: in ya yi warin ruma ko fari-farin fumfuna, ki bar shi. Ɗanyen ganye kuma sai ya cika mako 12, iri ɗaya a lokaci guda, kaɗan, a ga yadda kashinsa zai yi kwana biyu kafin a ƙara wani. Ganyen dankalin Hausa da ganyen karas suna da kyau. Albasa, tafarnuwa, fiya da cakulan, kada ya kusance su.

Abin da na fi roƙonki: kada a je kemis a sayo masa amoxicillin ko ampicillin na yara a ba shi ta baki. Irin waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjinsa, sai zawo mai kisa ya biyo baya cikin kwanaki. Idan asibitin kusa da ke ba su saba da zomo ba, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Zomona ya gutsure wayar caja uku da gefen kafet. Duka zai sa ya daina? — Wani ɗalibi daga Unguwar Rimi

A'a, ɗana. Duka tsoro kawai zai koya masa. Haƙoran zomo 28 ne, kuma ba sa daina tsiro; na gaba suna ƙaruwa kusan milimita 2 a mako, tauna ce ke rage su. Ɗakin za ka gyara. Ka durƙusa ka kalli ɗakin daga tsayinsa. Duk wayar da ke ƙasa ka zura ta cikin bututun roba irin na masu wayarin, ko ka ɗaga ta sama da inda zai kai in ya miƙe a ƙafafun baya. Wayar fanka da ta firji sun fi ta caja haɗari: suna ƙona baki, suna iya kashe shi nan take. Zaren kafet da leda kuma suna toshe hanji. Ka ba shi kwali marar selotef ya yi ta yaga.

Ka tuna da abin da ake sakawa a lungu. Maganin ɓera da fiya-fiya suna daidai inda hancinsa yake bi. In za a fesa maganin sauro, a fitar da shi da kwanon ruwansa har ɗakin ya sha iska.

Yana zubar da kashi ko'ina, kuma na gan shi yana cin kashinsa. Fitsarinsa ma ja-ja ne. Ciwo ne? — Wata mai karatu daga Kawo

Malama, cin kashin lafiya ce. Kashi iri biyu yake yi: busassun ƙwayoyi, 200 zuwa 300 a rana, da wani mai laushi a cure kamar 'ya'yan inabi da yake ci kai tsaye don samun bitamin. In kina yawan tsintar mai laushin a ƙasa ko manne a gindinsa, abinci mai sukari da sitaci ya yi yawa, ciyawa ta yi kaɗan. Launin fitsari yakan koma ruwan lemo ko ja saboda ganyen da ya ci. Abin tsoro shi ne ɗigon jini a ciki, ko ya riƙa yunƙuri fitsarin ba ya fita.

Ki lura da kusurwar da ya fi zaɓa, ki sa faffaɗar roba marar zurfi a wurin, tsohuwar jarida a ƙasa, ciyawa a sama, don zomo yana ci yana kashi ne. Ki tsinci ƙwayoyin ki zuba ciki. Farin tabon fitsari a tayil, ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi yana cire shi. Daga wata huɗu zuwa shida zai balaga, ya fara fesa fitsari don shata yankinsa. Dandaƙa a asibiti tana rage wannan. In zomanya ce, cire mahaifa yana kare ta daga sankarar mahaifa, wadda ta yi yawa a matan zomaye da suka manyanta.

Zafin Afrilu ya sa yana haki, ga ba wuta. In yi masa wanka? — Wani magidanci daga Barnawa

Malam, ban da wanka. Firgici da jiƙewar gashi suna iya kayar da shi. Zomo ya fara wahala tun daga digiri 28 zuwa 30, bazarar Kaduna kuwa ta wuce nan nesa. Ta kunne yake fitar da zafi, don haka ka shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a bayan kunnuwa, ka bar shi ya kwanta kan tayil a ɗakin da rana ba ta bugawa. Robar ruwa mai ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a ajiye kusa da shi. Ruwan sha a kwano mai nauyi, a canza safe da yamma. In ka ga yana numfashi da baki a buɗe, asibiti nan take.

Yarana ƙanana suna wasa da shi. Akwai cutar da za su ɗauka? — Wata uwa daga Tudun Wada

Wadda aka fi gani makero ce: in gashin zomon ya zube a zagaye da ɓawo, a duba shi, a duba fatar yaran. Yaro mai asma kuma, gashi da ƙurar ciyawa na iya tayar masa, balle da hunturu, don haka kada zomon ya kwana ɗakinsa. Cizo ko yaƙushi a wanke da sabulu da ruwa mai gudana. In wurin ya kumbura ko ya yi ja, a kai yaron asibiti. Wanke hannu kafin cin abinci wajibi ne.

Shi ma zomon ki kare shi daga yaran. Kada a ɗaga shi ta kunne kamar yadda ake yi a kasuwa. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, shuri ɗaya a sama yana iya karya shi. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi, a manna shi a jiki. 'Yan ƙanana su zauna a tabarma, su bari shi ya zo wurinsu.