Yayanmu ya raba gonar gado da awon mita, rabon ya yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Babanmu ya rasu ya bar gona hekta 3, mu ne maza biyu mata uku sai innarmu, iyayensa duk sun riga shi. Yayanmu ya yanka wa kowane namiji mita 100 tsawo 100 faɗi, mu mata da Inna kowa 50 da 50, wai ai ɗari ninkin hamsin ne. Gonar ta ƙare cif, amma ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya jiƙan mahaifinku. Namiji rabon mata biyu, matar mamaci tumuni wato kashi ɗaya cikin takwas, wannan ba gardama. A wajen awon aka yi kuskure, 'yar uwa. Idan aka ninka tsawo aka kuma ninka faɗi to fili sau huɗu ya zama, ba sau biyu ba. Zana a ƙasa ki gani, 50 da 50 guda huɗu ne ke shiga cikin 100 da 100.

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, gonarku 30,000 kenan. A kasa gida takwas, kowane kaso 3,750. Inna kaso ɗaya, kowace mace ɗaya, kowane namiji biyu wato 7,500. Ku an ba ku 2,500, an tauye kowacce 1,250, har tumunin Inna bai cika ba.

Za ki ji masu cewa tunda ba wanda ya yi magana ranar rabo shikenan ya zama sulhu. Ban yarda da wannan ba. Yafiya sai mutum ya san haƙƙinsa tukuna, ku kuwa kun yi shiru ne don kun ɗauka Allah ne Ya yanka muku haka, ga kuma kunyar yaya a gaban dangi, to me kuka yafe? Malamanmu na Malikiyya sun ce in kuskure ya tabbata a rabo warware shi ake yi, naku kuwa lissafi kaɗai ya tabbatar da shi. In an gyara wata ta ga dama ta bar wa yayanta nata, wannan kyauta ce, ta halatta.

Kar ki kira shi azzalumi, da alama lissafi ne ya ƙwace masa. Ki same shi ku biyu da takarda da biro kafin maganar ta fita waje. Sannan ku ɗauko safiyo mai awon ƙasa, a kuma yi wa gonar ƙima, don ɓangaren bakin hanya ko fadama ko mai itatuwan mangwaro ba ɗaya yake da tudu ba ko da awon ya zo daidai. Wallahu a'alam.