Tambaya da Amsa: Kwamfutata ta ƙi tashi

Tambaya: Malam barka da aiki, daga Jidda nake rubutowa. Kwamfutar shagonmu ce Dell ta tebur, tana cikin aiki sai allon ya koma shuɗi ta mutu, yanzu kuma in na kunna baƙin allo kawai take nunawa wai ba ta ga inda za ta tashi ba. Don Allah ko ta lalace ne gaba ɗaya?

Amsa: To ɗan'uwa kwantar da hankalinka, kar ka yi saurin kwasarta zuwa wurin mai gyara. Fara cire duk filashin da ke jikinta, sau da yawa shi take ƙoƙarin tashi da shi ta bar hadis ɗin (wato hard disk, ma'ajiyar bayanan kwamfuta) da Windows yake ciki. In ta ƙi, da ka danna makunni ka dinga buga F2 har BIOS, wato shafin saitin kwamfutar, ya buɗe (a HP F10 ne), ka nemo jerin tashi, wato jerin wuraren da take dubawa don ta tashi, ka mayar da hadis ɗin sama ka adana. Duba kwanan wata a wurin ma, in ka ga ya koma shekarun baya to ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan madabod (babban faifan da ke cikin kwamfutar) ne ya mutu, CR2032, riyal kaɗan ne. Amma in BIOS bai ga hadis ɗin ba sam, wayarsa ta saki ko shi kansa ya gaji.

Shuɗin allo kuwa ni zafi nake zargi, zafin Jidda da ƙura ba wasa ba ne in shagon ba mukayyif, wato AC. Kashe wuta, buɗe ta ka hure fanka, ka zare RAM (siririn katin ƙwaƙwalwar da ke soke a madabod) ka mayar ya zauna daram.