Kuɗin ƙarfe a lissafin dashen haƙori

Hajiya, kin tambaya ko zalunci ne da likita a Katsina ya rubuta miki kuɗin ƙarfe daban, bayan na dashen haƙoran. Ba lallai ba ne. Ƙusar titaniyam da ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi kuɗinta daban, haka ɗan ƙarfen da ke haɗa ta da haƙoran. Sai firam ɗin da ke riƙe jerin haƙoran: na kobal da kuromiyam ya fi araha, mai zinare kuwa nauyinsa ake aunawa. Yawancinsu daga waje ake kawowa, dala na motsawa farashi ya motsa.

Ki ce a rubuta miki kowanne da sunansa da kuɗinsa kafin ki biya, kada a dunƙule miki. Ki kuma tambaya ko an riga an sa firam ɗin cikin kuɗin haƙoran, don kada a maimaita miki caji.