Ga 'yar'uwar da za ta yi zane a taron marayu

Wallahi 'yar'uwa ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, kamar ni na rubuta. An ba ki minti 90 ki yi zane a gaban jama'a, a yi gwanjonsa nan take a tara wa marayu, kina tambaya ko fentin mai zai yi. Kul! Fentin mai sai ya yi kwanaki bai bushe ba, wanda ya saya a babbar rigarsa zai kwashe shi. Akirilik za ki riƙe, wato fentin da ake sirka shi da ruwa, mai saurin bushewa.

Shi ma da nasa halin. Nawa taron a Kano aka yi, tsakiyar hunturu, ga fanka a saman kaina. Kafin in wanke buroshi in juyo, fentin da na matsa ya yi fata. Ki tafi da kwalbar fesa ruwa, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin takardar da kike haɗa kala.

Kuma minti 90 ɗin nan kar ki saki jiki da shi. Ni awa 2 aka ce min. Babban baƙo bai iso ba sai bayan isha'i, aka hana ni farawa wai sai ya zauna. Ina cikin shafa sararin sama, ko Dutsen Dala ban ɗora ba, mai gabatarwa ya zo ya tsaya a kaina da makirufo: "Hajiya mai zane, saura minti 10, ko ke ma mu tara miki ne?" Wuri ya kwashe da dariya. Hannuna na rawa, buroshi ya suɓuce ya faɗa kan leshin da na aro wurin yayata, shuɗi tun daga cinya har ƙafa. Na gama da hawaye a ido, Dala ta fito kamar tulin yashi. Mutumin nan ko sannu bai ce min ba. Har yau in na ji muryarsa a wurin biki, abinci fita raina yake.

Ki gwada zanen a gida sau 3 da agogo, ki ba kanki rabin lokacin. Ki zo da kanbas ɗinki, wato yadin da ake zane a kai, kin riga kin shafe shi da kala ɗaya kin fitar da layuka da gawayi, ba abin kunya ba ne. Babban buroshi tukuna, ƙarami sai ƙarshe. Fuskar mutum kuwa ki bar ta: tana cin lokaci, kuma cikin masu hannu da shunin akwai waɗanda ba za su rataya hoton mai rai a falo ba. Ganuwa ko rijiyoyin marinar Ƙofar Mata sun ishe ki.

Af, maganar kuɗi. Wani Alhaji ya taya zanena a naira 200,000, aka yi ta tafi, direbansa ya sa a bayan mota. Wata 8 'yan kwamiti suna bin sa, sisi bai fito ba, yayata kuma na biya ta leshinta daga aljihuna. Ki ce musu zane ba ya barin wurin sai kuɗi ya shiga asusu, kuma kuɗin fenti da kanbas a ba ki tun kafin ranar. Wace rana ce ma taron? In a Kano ne zan zo in riƙe miki kwalbar ruwan.