Re: Wai da gaske akwai MRI da ake jonawa a soket ɗin bango?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ji labarin ƙaramin injin MRI (mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu) mai taya kana tambaya ko yaudara ce, to ba yaudara ba ce, akwai shi.

Na manyan asibitoci ƙarfin maganaɗisunsa tesla 1.5 ne ko 3 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), kuma sai an sanyaya shi da ruwan iskar heliyom har wajen digiri 269 ƙasa da sifili, nan kuɗin yake tafiya, ga ɗaki na musamman ga wuta da ba a so ta ɗauke, kai ma ka san halin NEPA. Shi kuwa ƙaramin, irin Swoop na kamfanin Hyperfine da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 2020, tesla 0.064 kawai gare shi, maganaɗisu ne na dindindin ba ruwansa da heliyom, tura shi ake har bakin gadon mara lafiya.

Amma fa kar ka zata hoton ɗaya ne. Siginar da haidirojin ɗin ruwan jikinka ke bayarwa, wadda da ita ake haɗa hoton, raguwa take in maganaɗisu ya yi rauni, so hoton dishi-dishi yake fitowa, sai kwamfuta ta goge shi, kuma hoton kan mutum kaɗai yake ɗauka. Taruwar ruwa a kan jarirai ko babban zubar jini a ƙwaƙwalwa zai nuna, shi ya sa Jami'ar Mbarara a Uganda ta haɗa kai da ta Leiden a ƙasar Holan suka ƙera irinsa. Wajen gano ƙaramin ƙari a ƙwaƙwalwa kam ni ba zan dogara da ƙaramin injin ba, in likita ya ce babban inji to a je babban.