Hukuncin Sayar da Tsohuwar Motar Amurka da Aka Gyara a Gwanjo da Sunan Ta Asali Ce

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni bakanike ne a jihar Texas ta Amurka. Ni da abokin sana'ata muna sayen tsofaffin motoci na shekarun 1960 da 1970, mu gyara su mu kai gwanjo. Yanzu muna da Chevrolet Chevelle ta 1970, wadda ta fito daga kamfani a matsayin Malibu mai ƙaramin inji. Mun yi mata sabon fenti, mun ɗora mata babban inji 454, mun manna mata tambarin SS, wato Super Sport, samfurin Chevelle mai ƙarfi. Duk wanda ya gan ta zai rantse irin mai tsadar nan ce da ake kira LS6. Abokina ya ce akwai mai buga lamba a jikin inji yadda za a ɗauka da shi ta fito, na ƙi. Sai ya ce to mu yi shiru, kada mu ce ta asali ce, kada mu ce ba ita ba ce, tunda takardar gwanjo ta ce yadda ka ga mota haka ka saye ta. Yana kuma son wani saninmu ya riƙa ɗaga hannu don tayi ya hau. Mene ne hukuncin waɗannan? Kuma ita kanta kasuwar da ake sayen tsohuwar mota miliyoyin daloli, halal ce?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka ƙi buga lambar nan.

Gwanjo halal ne, malamai suna kiransa bai'ul muzayada. Imam Malik a cikin Muwaɗɗa, da ya zo bayanin hanin da aka yi cewa kada wani ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, ya ce hanin yana hawa ne idan mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye ana shirin sallamawa. Amma kayan da aka tsayar don sayarwa mutane da yawa suna tayawa, babu laifi, domin da za a ce kowa ya janye bayan tayin farko da an riƙa karɓe kayan mutane a wulaƙance. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da halaccinsa a zamanta na Burunai a 1993. La'adar da kamfanin gwanjo yake karɓa, wadda a wannan kasuwa takan kai kusan kashi 10 cikin 100 a kan mai saye, ba ta da laifi matuƙar an san da ita kafin a fara tayi.

Tsada ma ba ta haramta ciniki. An sayar da Shelby Cobra ta farko, ƙirar 1962, dala miliyan 13.75 a Monterey a 2016. An sayar da Duesenberg ta 1935 dala miliyan 22 a 2018. Corvette L88 ta 1967, wadda guda 20 kacal aka ƙera a shekarar, ta tashi a dala miliyan 3.85 a Scottsdale a 2014. Shari'a ba ta yanka wa ribar ciniki iyaka ba, abin da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta gindaya shi ne kasuwanci bisa yardar juna. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi don kawai a ce wane ne, ga haƙƙoƙi a wuyansa bai sauke ba, shi da Ubangijinsa, kuma ba na so wa Musulmi wannan. Kai kuwa mai sana'a ne, guminka kake sayarwa.

Sai dai waɗannan kuɗaɗe suna nuna mana wani abu da hukuncin ya rataya a kansa. Me ake saye? Ba ƙarfe ba ne, ba gudu ba ne, domin sabuwar mota mai ƙaramin kuɗi za ta tsere wa da yawa daga cikinsu. Asali ake saye: cewa wannan mota haka ta fito daga kamfani, da wannan inji, tana cikin 'yan kaɗan da aka yi. Injin LS6 mai ƙarfin doki 450 guda 4,475 aka sa a 1970, shi ya sa kuɗin ta gaskiya yake ninka na ta kwaikwayo ko da ido ba ya bambance su. Tunda haka ne, asalin motar ya zama wani yanki na hajar kanta. Ƙarya a kansa ƙarya ce a kan abin da mutum ya biya kuɗinsa dominsa.

Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa bai halatta a ciniki a yi ha'inci ko algus ko yaudara ko ɓoye aibi ba, sannan ya ƙara da ƙa'idar da ta yanke maganarku: bai halatta mai kaya ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya faɗa mai saye zai ƙi ta, ko faɗarsa za ta rage mata kuɗi ba. Ka tambayi abokinka me ya sa yake son ku yi shiru. Amsar ita ce don in kun faɗa kuɗin zai ragu. To wannan dalilin da kansa shi ne ya wajabta faɗa.

Motarku kuma tana cikin waɗanda shiru ya fi cutarwa a kansu. Motocin Chrysler na wancan lokaci akwai harafin da ke nuna irin injin a cikin lambar jikinsu. Na Ford daga 1967 akwai rahoton Marti da ake cirowa daga bayanan kamfani, na Pontiac ma akwai masu ajiye takardunsu. Amma Chevelle ta 1970 lambar jikinta ba ta nuna SS ce ko ba ita ba, domin SS ƙari ne da ake zaɓa a kan Malibu. Mai saye ba shi da madogara sai takardar haɗi ta masana'anta, mai lissafa abin da aka sa wa motar, da akan tsinta a ƙarƙashin kujera ko a saman tankin mai, da lambar da aka buga a gaban inji, da maganar mai kaya. Ka san yadda masana suke durƙusawa da tocila da gilashin ƙara girma suna duba siraran layukan da injin sassaƙa ya bari a wurin lambar, da siffar kowane harafi, da kwanan watan da aka zuba ƙarfen injin ko ya riga ranar haɗa motar. Mai buga lambar jabu sai ya kwaikwayi duk wannan. Wahalar da yake sha wajen kwaikwayon ita ce shaidar niyyarsa. Aikinsa haram ne, ladan da yake karɓa haram ne, wanda ya sa shi abokin laifinsa ne. Haka buga takardar haɗi ta jabu a tsufar da ita, haka cire farantin lamba daga ruɓaɓɓiyar mota mai daraja a liƙa wa wata a sayar da sunan ta farkon.

Yanzu maganar shiru. Da motar tana nan a matsayin Malibu, shirunku ba komai. Amma kun manna mata SS, kun yi mata zane da bonet irin na SS, tambarin nan yana magana a madadinku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya don hantsarta ta cika a kai ta kasuwa, kuma ya ba wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i na dabino. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Mai dabbar bai buɗe baki ya ce tana da nono da yawa ba, hantsar ce ta faɗa, amma aka ɗora masa. Daga nan Shehu Khalil ya ce a Mukhtasar ƙin tatsar dabba don a ruɗi mai saye daidai yake da sharaɗin da aka furta, ya ba da misali da wanda ya shafa wa tufafin bawa tawada don a zaci marubuci ne. Ya kuma ce ana mayar da kaya in aka rasa siffar da aka ambata wadda mai saye yake da buƙata da ita, ko da mai shela ne ya ambace ta. Ke nan abin da dillalin gwanjo ya faɗa a lasifika, da abin da aka rubuta a katin da ke gilashin mota, in daga gare ku ya fito ko kun ji kun ƙyale, yana wuyanku.

Sharaɗin yadda ka gani haka ka saya ba ya wanke ku. Malamai sun yi saɓani a kan mai kaya ya barranta daga aibin da bai sani ba: Hanafawa sun yalwata, Malikawa sun ƙuntata ƙwarai. Amma ba a mai da wannan sharaɗi mafakar ɓoye abin da ka sani ba. Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 bisa barranta, mai saye ya ga cuta ya kai ƙara wurin Sayyidina Usman. Usman ya ce Ibn Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Bai rantse ba, ya karɓi bawansa, daga baya ya sayar da shi dirhami 1,500. Abin da Usman ya tambaya shi ne sani. Ku kuwa da hannunku kuka sauke ƙaramin injin.

Kada kuma wani ya ce maka ai masu sayen ba Musulmi ba ne, ko attajirai ne ba za su ji a jikinsu ba. Da Annabi ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, bai tambayi wa zai saya ba. Ka shiga ƙasar nan da amana, dukiyar mutanenta haramun ce gare ka sai da yardarsu, yardar da aka gina a kan ruɗi kuwa ba yarda ba ce. Dokar tarayya ta Amurka ma ta ɗauki sauya lambar mota da gangan laifi ne da kan kai ɗaurin shekara 5.

Wanda zai riƙa ɗaga hannu ba da niyyar saye ba, wannan shi ne najashi, kuma hani a kansa ya tabbata a hadisin Ibn Umar. Sahabi Ibn Abi Aufa ya kira mai yinsa maciyin kuɗin ruwa maha'inci. A mazhabar Malik, in da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da damar mayarwa, in kayan sun salwanta ya biya ƙimarsu ta gaskiya. Dokar ciniki ta kusan duk jihohin Amurka ta zo kusa da wannan: in mai kaya ya sa aka yi masa tayi ba tare da an sanar ba, mai saye zai iya warware cinikin ko ya karɓa a kan tayin gaskiya na ƙarshe. In tsoron faɗuwa kuke yi, ku gindaya mafi ƙarancin kuɗin da za ku sallama, in ba a kai ba ku ce albarka ku koma da motarku. Wasu gidajen gwanjo sukan rubuta cewa dillali zai iya yin tayi a madadin mai kaya har a kai wannan iyaka. Sanarwar ta rage ruɗin, amma raina bai kwanta da shi ba, domin wanda ke zaune a zauren yana zaton da mutum yake takara alhali babu kowa. In kuna da zaɓi ku guje shi.

Gyaran da kuka yi shi kansa halal ne, tambarin ma halal ne in an bayyana. Motocin kwaikwayo suna da kasuwarsu a fili, akwai masu son su don su hau ba tare da fargabar lalata ta miliyoyi ba. Ku rubuta a bayanin gwanjo da takardar ciniki cewa Malibu ce aka mayar da ita siffar SS, injin ba wanda ta fito da shi ba ne, ku haɗa da hotunan aiki da rasiɗai. In agogon mil ɗinta mai lamba biyar ne, wanda yake komawa sifili bayan mil 100,000, kuma ba ku san ko ya zagayo ba, ku ce ba ku sani ba. Wannan hukunci ya hau kan 'yan'uwanmu masu tura motoci gida ta Legas da Kwatano, masu mayar da agogo baya ko su ɓoye cewa mota ta yi haɗari ko ta sha ruwa. In wani ya nuna muku zai saya ne don ya buga mata lamba ya sayar a matsayin ta asali, kada ku sayar masa.

Akwai surar da za ka iya haɗuwa da ita a sana'arku: injin na asali ne, amma wajen gyara an sassaƙe fuskarsa lambar ta goge. Mayar da lambar gaskiya a kan injin gaskiya ba ƙarya ba ce, sai dai dole a gaya wa mai saye an sake bugawa, domin a wurinsu wannan yana taɓa kuɗi, kuma a fara tambayar abin da dokar jihar ta yarda da shi.

In abokinka ya kafe, kada motar ta shiga gwanjo da sunanka ko da jarinka. Abokin tarayya wakilinka ne, abin da ya yi da saninka kai ma ka yi. Ka saye rabonsa, ko ku sayar bisa gaskiya ku raba jari. In kuma a baya kun taɓa sayar da wata ta wannan hanya, ku nemi mai ita ku gaya masa, ya mayar ya karɓi kuɗinsa ko ku daidaita a kan ragi. In kun neme shi iyakar ƙoƙari ba ku same shi ko magadansa ba, ku ƙiyasta bambancin kuɗin ku yi sadaka da shi a madadinsa, tare da tuba.

Wallahu a'alam.